Yadda Gyaran Mota Ya Zama Sana'a A Ƙasar Ƙonni

Jama'a, duk wanda ya shigo Birnin Ƙonni ta hanyar Dogon Dutsi zai ga garaji a bakin titi. Zai ga yara cikin tufafi baƙi ƙirin da mai, wani a ƙarƙashin mota, wani yana wanke ƙarfe a cikin tasa. Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a cikinsu. To, daga ina wannan sana'a ta fito? Kuma wace sheda yaro yake samu idan ya ƙare?

Kakanninmu ba su san mota ba. Jaki da raƙumi ne suke ɗaukar kaya zuwa Sakkwato da Tawa. A shekarar 1924 wasu Turawan Faransa suka ƙetare hamada da motoci takwas na kamfanin Citroën. Suka sauka Yamai, suka wuce Damagaram. Kanikawansu suna tare da su, domin a lokacin babu mai gyara a hanya.

Gyaɗa ce ta yawaita motoci a ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Dole a kai buhunan gyaɗa bakin jirgi, sai aka sa manyan motoci. Hanya ba kwalta, ga rami, ga rairayi. Mota tana lalacewa a daji, inda ba kowa. Direba shi ne bakanike, karen mota kuwa shi ne ɗalibinsa. Yana miƙa ƙarfe, yana sa waigi, yana kallo. Kanikawan farko da yawa ta nan suka fito.

Bayan samun mulkin kai a 1960, aiki ya ƙaru. An kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, a 1963. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a 1966. A 1971 aka fara haƙo ƙarfen yuraniyom a Arlit, motocin kayansa kuma suna bi ta Ƙonni, su karya a Tsarnawa su yi arewa. A Kaduna an fara haɗa motar Peugeot a 1975. Ƙonni tana kan mahaɗa: gabas Maraɗi, yamma Yamai, arewa Tawa, kudu Illelar Najeriya da Sakkwato. Inda motoci suke tsayawa, nan garaji yake tsirowa.

Shi ya sa bakaniken Ƙonni yake da baki biyu. Abin da na Sakkwato yake kira sifana, na Yamai yana kiransa kile. Fulogi a can, buji a nan. Yaron garaji yakan san duka biyun tun bai iya rubuta sunansa ba.

Ga yadda ake koyo a garaji, tun da can har yau. Uba yakan kai ɗansa da goro, ya ce wa maigidan garaji: «Ga amana.» Ba a rubuta kome. Shekarar farko yaro shara yake yi, da aike, da wankin ƙarfe. Daga nan a bar shi ya kwance taya, ya canza mai, ya duba birki. Sai ya daɗe kafin a bar shi ya buɗe inji. Ba shi da albashi, sai kuɗin abinci da ɗan abin da mai mota ya miƙa masa. Ranar da maigida ya ga ya ƙware, sai ya yaye shi. A tara mutane, a yi addu'a, wani lokaci a ba shi kayan aiki kaɗan.

Wannan hanya ta fitar da gwanaye, masu jin ciwon inji da kunne kawai. Amma tana da aibu, kuma gara a faɗa. Ba a yanka ranar yaye. Wani maigida yakan riƙe yaro shekara da shekaru don yana cin amfaninsa. Kuma yaro ba ya wuce abin da maigidansa ya sani. Shedarsa ita ce bakin maigida. A Ƙonni bakin nan yana da daraja. A Yamai ko Arlit, wa ya san shi?

Takarda ta wata ƙofa ta shigo. Gwamnati ta buɗe makarantun sana'a, irin su makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi da cibiyar Kalmaharo a Yamai. Ana koyo da Faransanci, a yi jarrabawa, a sami takardar da ake kira CAP. Da ita ake neman aiki a kamfani ko a garajin gwamnati. Sai dai ƙofar ta ƴan lakwal ce. Ɗan ƙauyen da bai yi boko ba, ko ya fi kowa iya aiki, ba ya shiga. A Najeriya kuwa ma'aikatar ƙwadago tana yin gwajin sana'a mai hawa uku, daga na uku zuwa na ɗaya, kuma wanda ya koya a garaji yana iya zuwa a gwada shi.

An daɗe a haka: masu hannu ba takarda, masu takarda kaɗan ne. Dokar ilimi ta 1998 ta sa koyon sana'a a cikin tsarin karatun ƙasa. A 2007 aka kafa asusun tallafa wa koyon sana'a, wanda yanzu ake kira FAFPA. Yana taimaka wa koyo mai ƙafa biyu: wasu kwanaki yaro yana garajin maigidansa, wasu kwanaki yana aji. An kuma buɗe cibiyoyin koyon sana'a, CFM, a cikin ƙananan hukumomi, masu karɓar yaran da suka bar lakwal da waɗanda ba su shiga ba.

Aikin kansa ma ya sake. Ban da mota, ga baburan kabu-kabu, ga injin ban ruwa na masu albasa a Galmi. Motocin yanzu kuma suna da kwamfuta a ciki. Akan jona musu na'ura, ta nuna ciwon da haruffa da lambobi. Kunne kaɗai ba ya isa. Wani bakanike mai furfura yana zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci da dare. Na tambaye shi abin da ya kawo shi. Ya ce yaronsa ne yake karanta masa lambar kayan gyara, kuma yaron ya kusa yaye.