Mazaɓa ta 13 a Illinois: Kujerar da Ake Ci Kafin Ranar Zaɓe

A ranar 18 ga Disamban 1995, Sanata Alice Palmer ta miƙa wa hukumar zaɓe takardu ɗauke da sa hannun mutum 1,580, tana neman a sa sunanta a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat. Doka na buƙatar 757 kacal. Ga duk wanda ya kalli alƙaluman, ta wuce da rata mai yawa. Wata guda bayan haka ta janye daga takarar, kujerar da take kai kuwa ta faɗa hannun wani matashin lauya mai shekara 34 wanda bai taɓa riƙe muƙamin zaɓe ba, Barack Obama.

Kujerar ita ce ta mazaɓa ta 13 a majalisar dattawan jihar Illinois ta Amurka. Saɓanin jihohin Najeriya, majalisar dokokin Illinois hawa biyu ce, akwai ta wakilai mai mutum 118, akwai ta dattawa mai 59, kuma kowace mazaɓar sanata ta ƙunshi mazaɓun wakilai biyu. Ta 13 tana kudancin birnin Chicago, a bakin tafkin Michigan, ta haɗa unguwanni irin su Hyde Park, inda Jami'ar Chicago take, da Kenwood da South Shore. Yanki ne da baƙar fata suka fi yawa, kuma tungar Democrat ce tun da daɗewa. Ɗan Republican kan tsaya a babban zaɓe na Nuwamba, in ma ya tsaya, don dai kada a ce babu kowa.

Saboda haka duk mai son sanin tarihin wannan kujera, kada ya ɓata lokacinsa a kan sakamakon Nuwamba. Maganar tana ƙarewa ne a ɗakin tantance takardu, da teburin zana taswira, da zaman shugabannin jam'iyya.

Wanda ya daɗe a kanta shi ne Richard Newhouse, lauya ne da ya shiga majalisar a 1967, ya yi shekara ashirin da huɗu. Mutum ne da bai yarda ya zama ɗan amshin shatan gidan siyasar Richard J. Daley ba, magajin garin da ke juya Chicago yadda ya so. A 1975 har ya fito ya kara da Daley a zaɓen fidda gwani na magajin gari, ya sha kaye, amma ya nuna cewa baƙar fata na iya neman wannan muƙami tun kafin Harold Washington ya ci shi a 1983. Da Newhouse ya ajiye aiki a 1991, ba a kira zaɓen cike gurbi ba, domin dokar Illinois ba ta tanadi haka ga 'yan majalisar jiha ba. Shugabannin jam'iyyar wanda ya sauka, na gundumomin da ke cikin mazaɓar, su ke zama su naɗa magaji, kowa da nauyin ƙuri'arsa gwargwadon yawan ƙuri'un da wanda ya sauka ya samu a yankinsa. Ta wannan hanya Alice Palmer ta shigo, malama kuma 'yar gwagwarmaya da ake ganin girmanta a kudancin birnin. Ta tsaya zaɓe a 1992 ta tabbatar da kujerar.

Abin da ya birkita lissafi ya taso ne daga wani wuri. A 1995 kotu ta sami Mel Reynolds, ɗan majalisar wakilan tarayya daga yankin, da laifin lalata da yarinya mai ƙarancin shekaru, ya sauka. Palmer ta nemi kujerarsa ta Washington, ta kuma sa wa Obama albarka ya gaje ta a majalisar jiha. Ita ce ta gabatar da shi ga jama'a a taron ƙaddamar da takararsa a watan Satumba. Sai dai zaɓen fidda gwani na ƙarshen Nuwamba bai yi mata daɗi ba: Jesse Jackson ƙarami ya lashe, Emil Jones ya zo na biyu, ita ta ƙare a ta uku.

Nan ta waiwayi tsohuwar kujerarta. Wasu dattawan al'umma suka je wa Obama da roƙon ya haƙura ya janye, yaro ne, yana da sauran lokaci. Ya ce a'a, an yi magana kuma ya riga ya yi nisa. Magoya bayan Palmer suka bazama tattara sa hannu cikin 'yan kwanaki, aikin gaggawa kuwa ba ya rasa kuskure.

A Chicago, ƙalubalantar takardun abokin takara tsohuwar sana'a ce, kuma mutanen Obama sun iya ta. Suka zauna a ofishin hukumar zaɓen birnin suna bin takardun layi-layi, suna gwada kowane suna da rajistar masu zaɓe. Wannan ba shi da rajista, a soke. Wancan adireshinsa na wajen mazaɓa, a soke. Wani ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe maimakon ya sa hannu yadda ya yi a katinsa, shi ma a soke. In wanda ya zaga da takardar bai cika sharaɗi ba, shafin gaba ɗaya ya tafi. Kafin a gama, abin da ya rage wa Palmer bai kai 757 ba, ta janye a Janairun 1996. Sauran masu neman kujerar su uku, duk ta wannan ƙofa aka fitar da su. Ranar zaɓen fidda gwani a watan Maris, sunan Obama kaɗai ke kan takarda.

Babu doka ko ɗaya da aka taka. Amma akwai abin lura a ciki, domin wannan lauya shi ne wanda a 1992 ya jagoranci gangamin Project Vote, wanda ya yi wa dubban baƙar fatan Chicago rajistar zaɓe. Mutumin da ya yi suna wajen shigar da mutane rumfar zaɓe ya sami kujerarsa ta farko ne ba tare da an ba su zaɓi ba. Palmer ba ta manta ba. A 2008 Hillary Clinton ta mara wa baya.

Babban zaɓen 1996 ya ba Obama kusan kashi 82 cikin ɗari, na 1998 kuma kashi 89. Ya tarar da majalisa a hannun 'yan Republican ƙarƙashin James Philip, don haka abin da ya iya yi bai taka kara ya karya ba, in ban da dokar 1998 da ta taƙaita kyaututtukan da 'yan majalisa ke karɓa, wadda ya yi aiki a kanta tare da 'yan ɗaya ɓangaren. A 2000 ya yi gigin neman kujerar tarayya ta Bobby Rush, tsohon jigo a ƙungiyar Black Panther. Rush ya ninka shi ƙuri'a. Unguwannin talakawa baƙar fata suka nuna masa cewa malamin jami'a daga Hyde Park bai kwanta musu a rai ba.

Daga nan sai sa'a ta shigo, kuma a zahiri cikin hula ta zo. Tsarin mulkin Illinois ya ce bayan kowace ƙidaya, in majalisa ta kasa daidaitawa kan sabuwar taswirar mazaɓu, a kafa kwamitin mutum takwas, huɗu daga kowace jam'iyya. In su ma suka cije, kotun ƙolin jiha ta ba da sunaye biyu, sakataren jiha ya zaro ɗaya da ka, ya shiga kwamitin ya raba gardama. A 1991 ƙuri'ar ta faɗa wa Republican, shi ya sa suka riƙe majalisar dattawa shekara goma. A 2001 sakataren jiha Jesse White ya sa hannu cikin wata doguwar hula irin ta Abraham Lincoln, ya zaro sunan Michael Bilandic, ɗan Democrat. Alƙalamin zana iyaka ya koma hannun jam'iyyar Obama, shi ma kuma aka ji ta bakinsa kan tasa mazaɓar.

Sabuwar mazaɓa ta 13 ta miƙe arewa tana bin gaɓar tafki, ta ratsa tsakiyar birni har unguwar attajirai ta Gold Coast. Baƙar fata sun ci gaba da rinjaye a cikinta, amma yanzu sanatan yana wakiltar manyan lauyoyi da masu kuɗin da ake nema in za a yi takarar jiha baki ɗaya. A 2002 ya koma ba hamayya. Democrat suka karɓe majalisar, Emil Jones ya zama shugabanta, ya riƙa miƙa wa Obama ƙudurori masu jan hankali, ciki har da dokar 2003 da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin 'yan sanda a shari'ar kisa. A Nuwamban 2004 Obama ya ci kujerar majalisar dattawan Amurka.

Gurbi ya sake buɗewa, shugabannin gundumomi suka sake zama. Suka naɗa Kwame Raoul, lauya ɗan iyayen da suka yi ƙaura daga Haiti. Ya riƙe kujerar shekara goma sha huɗu, kuma shi ne ya ɗauki nauyin ƙudurin soke hukuncin kisa a majalisar dattawa, wanda Gwamna Pat Quinn ya sa wa hannu a Maris na 2011. A 2018 Raoul ya nemi muƙamin babban lauyan jiha, ya kayar da shi wannan Quinn ɗin a zaɓen fidda gwani, ya kuma ci babban zaɓe.

A Janairun 2019 aka maimaita abin da aka yi a 1991 da 2004. Wannan karon Robert Peters aka naɗa, matashi mai shirya gangamin al'umma, wanda daga baya ya zama kan gaba wajen dokar da ta soke belin kuɗi. Ta fara aiki a Satumban 2023, Illinois ta zama jiha ta farko a Amurka da ta daina tsare wanda ake tuhuma don kawai ya kasa biyan kuɗin beli. Cikin sanatoci huɗu da suka biyo bayan Newhouse, uku da naɗi suka fara shiga majalisar, ɗayan kuma, Obama, ya shiga ne bayan an soke takardun duk abokan takararsa.