Injin Fijo 504: Yaushe Aka Fara Ƙera Shi, Yaushe Aka Daina?

Gabatarwa

Mu ɗaliban Hausa an koya mana cewa idan tsohuwar waƙar ajami ta zo hannunka, kada ka tsaya ga abin da mai ita ya faɗa game da shekarunta. Sai ka nemi ramzi, ka dubi takarda da hannun marubuci. A wannan ɗan rubutu ina so in gwada wannan hanya a kan injin fetur na Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Nufina in nuna cewa tambayar yaushe aka daina ƙera inji ba ta amsuwa sai an ce a ina.

Asalin Injin

Abu na farko, injin ya girmi motar. A 1960 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da Fijo 404 da inji mai silinda huɗu, wanda ya yi wa lamba XC. Faɗin kowace silinda milimita 84 ne, tafiyar fistin kuwa, wato nisan hawansa da saukarsa, milimita 73, girman injin ya kama cc 1618. Da 504 ta fito a 1968, sai aka ɗauki wannan tsari aka ƙara tafiyar fistin zuwa milimita 81, girman ya koma cc 1796, aka kira shi XM. A 1970 aka faɗaɗa silinda zuwa milimita 88, aka sami XN mai cc 1971. Mai karatu ya lura, wannan 1971 girman inji ne, ba shekara ba.

To, a nan ne mai gaggawa zai yi tuntuɓe, ya ce ai zuwan XN shi ne ƙarshen ƙaramin injin. Sam ba haka ba ne, domin a 1973 an fito da 504 L mai rahusa ɗauke da injin cc 1796. Haka kuma Fijo 505 da ta fito a 1979 ta gāji XN. Ashe ke nan ranar mota daban, ranar inji daban.

Ƙarshensa

Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma a-kori-kura ta ci gaba bayan haka. Ajantina ta kai 1999, Kenya ta kai 2004. Masana'antar Peugeot ta Kaduna kuwa, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Saboda haka wanda ya ce an daina a 1983 ya faɗi gaskiyar Faransa, bai faɗi ta Kaduna ba.

Yadda Za A Gane

Ramzin inji shi ne lambar da aka buga a jikin buloko. Sai a kwatanta ta da ƙaramin farantin ƙarfe na kamfani da ke jikin motar, da kuma takardun rajista. Amma a tuna, motar da ta yi shekaru tana haya da wuya a ce ba a taɓa sauya mata inji ba, don haka shekarar takarda ba lallai ta zama ta injin ba. In lambar ta shafe, sai awo. Faɗin milimita 88 na nuna XN, kuma ba zai riga 1970 ba. In 84 aka samu, sai an auna tafiyar fistin kafin a rarrabe XC da XM.

Tsofaffin makanikai su ma taska ce, sai dai lissafinsu da aukuwa suke yi. Wanda ya ce maka motar ta zamanin Udoji ce, wajen 1975 yake nufi, kuma ya kamata a gwada zancensa da lamba.

Kammalawa

Wani zai ce mene ne na wannan wahala? Amsar tana kasuwar kayan gyara. Fistin da ringin milimita 88 ba sa shiga silinda mai 84, kuma wanda bai san injinsa ba zai biya kuɗi sau biyu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Sai dai a wannan fage, bayan an tambayi mutum, a tambayi ƙarfen kansa.