Daga Wuri zuwa Dala: Nazari kan Tara Tsofaffin Kuɗi da Cika Jeri a Ƙasar Issawane

Gabatarwa

Akwai mutanen da kan ƙare rayuwarsu suna tara kuɗin ƙarfe, ba don kashewa ba, sai don su jera su ɗaya bayan ɗaya har ranar da gurbi na ƙarshe zai cike. A Turai da Amurka wannan sha'awa tana da ƙungiyoyi da kasuwanni da manyan kundaye masu lissafa kowace ƙwandala da shekarar da aka buga ta. Wannan nazari ya ɗauko al'amarin ya aza shi a kan Issawane, ƙaramar hukuma ta karkara a gundumar Mayahi cikin jihar Maraɗi, kusa da ƙasar Tasawa. Idan mutumin wannan yanki ya ƙudiri aniyar cika jerin kuɗi, wane jeri zai cika, kuma yaushe zai ce ya gama? Abin da nazarin ke son nunawa shi ne, kundayen waje suna karkasa kuɗi bisa hukumar da ta buga su, alhali jerin da ya dace da wannan ƙasa shi ne na kuɗin da suka ci kasuwa a cikinta, ko wa ya buga su.

Matakai uku na cika jerin sefa

Mataki na farko shi ne samun guda ɗaya daga kowace daraja. Kuɗin ƙarfe na Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO mai hedikwata a Dakar, guda tara ne: tamma, dala, dala biyu, dala biyar, dala goma, dala ashirin, dala arba'in, dala hamsin da dala ɗari. A lissafin boko su ne 1, 5, 10, 25, 50, 100, 200, 250 da 500. Duka-duka sefa 1,141 ke nan, jika guda da dala ashirin da takwas da tamma ɗaya. Kuɗin da bai kai na ɗan akuya ba, amma wanda ya gwada zai ga inda gizo ke saƙar. Dala ɗari da dala arba'in, masu ƙarfe kala biyu da suka fito a 2003, suna hannun kowane mai tebur. Dala hamsin da aka fara bugawa a 1992 ta yi baƙin jini, masu saye da sayarwa da yawa na ƙin karɓarta duk da cewa banki ya sha nanata cewa tana ci, don haka ta yi ƙaranci. Ita kuwa tamma ta daɗe da barin kasuwa, tunda babu abin da take saye. Wato mafi ƙanƙantar daraja ita ce mafi wuyar samu, domin abin da ba a kashewa ba a ajiye shi.

Mataki na biyu shi ne bin sauye-sauyen zane da ƙarfe. An ƙirƙiro kuɗin sefa ranar 26 ga Disamba 1945, kuma a 1948 aka buga tamma ɗaya da tamma biyu na alminiyum masu kan barewa, da sunan Afirka ta Yamma ta Faransa. A 1957 dala biyu da dala biyar sun fito da sunan Togo a haɗe. Bayan samun 'yancin kai aka ci gaba da tambarin banki, kifi mai zarto a baki, wanda siffarsa ta fito daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Dala ashirin ta zo a 1967, dala goma a 1972. Tamma ta alminiyum ta 1961 ta ba da wuri ga wata 'yar ƙarama ta ƙarfe a 1976. A 1980 aka sauya zanen dala biyar, shekara ɗaya bayan haka dala biyu ta fito da hoton masu ɗiban ruwa a famfo. A nan jeri ya ninka.

Mataki na uku shi ne wanda ke cinye shekaru: kowace daraja, kowace shekara, kowace alama. A ma'aikatar buga kuɗi ta Faransa aka buga galibin waɗannan kuɗi, kuma duk wanda ya ɗaga dala biyar ya ƙura mata ido zai ga wasu alamomi biyu da ba su kai ƙwayar gero ba. Ɗaya ƙaho ne cike da albarkatu, alamar ma'aikatar. Ɗayar ta babban mai zane ce, kuma tana sauyawa idan mutum ya sauya: mujiya daga 1958, kifin dolfin daga 1974, ƙudan zuma daga 1994. Mai neman wannan mataki sai ya tanadi madubin ƙara girma da haƙuri, domin shafaffiyar ƙwandala da ta sha hannu shekara arba'in ba ta nuna ko shekararta, balle mujiya.

Wani abin lura shi ne, takardun sefa suna ɗauke da harafin ƙasa, na Nijar H ne, amma kuɗin ƙarfe ba su da shi. Dalar da ke aljihun mutumin Issawane ita ce ta mutumin Bamako ko Kwatano. An taɓa buga kuɗin tunawa na zinariya da azurfa masu hoton Shugaba Diori Hamani da shekarar 1960, sai dai don masu tarawa aka yi su, ba su taɓa sayen goro a kasuwar ƙauye ba. Saboda haka wanda ya bi kundi ya nemi “kuɗin Nijar” zai tashi da abin da kakanninsa ba su taɓa riƙewa ba, ya bar abin da suka yi ciniki da shi.

Jerin kasuwa

Jerin da ya dace da wannan ƙasa da wuri yake farawa. Wuri ba a nan aka haife shi ba. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ya fito, daga baya aka kwararo da wani iri daga Zanzibar. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa, kuma a nan ya ga ana ƙirga wuri dubu ɗari biyar, biyar-biyar da yatsu, aikin da ya ba shi mamaki. Keso guda wuri dubu ashirin ne. A Kano a wannan lokaci liyari guda na azurfa wuri 2,500 ne, ke nan keso guda liyari takwas.

Shi liyarin, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Austiriya, shi ne gurbi na biyu, kuma yana ɗauke da darasi ga mai tarawa. Shekarar 1780 ce a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin, a Biyana da kuma wasu birane irin su Rum da Paris da Landan da Bombai. Nauyinsa giram 28 da ɗoriya. Don haka idan wani ya ciro liyari ya ce ya haura shekara ɗari biyu saboda lambar da ke jikinsa, lambar ba hujja ba ce.

Gurbi na uku na kuɗin Faransa ne. Bayan wucewar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, da shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1908, sai hukuma ta riƙa neman haraji da kuɗinta, wuri ya yi ta ja da baya. Amma iyakar ba ta raba Tasawa da Katsina a ciniki ba, kuma daga nan gurbi na huɗu ya samu: kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma. Anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sai taro da sisi da sule da fataka. Fatake da 'yan ci-rani da masu kai gyaɗa su suka yi ta shigo da su. A cikinsu akwai abin da masu tarawa na duniya ke so: aninin 1907 yana cikin kuɗin alminiyum na farko a duniya, kwabon 1936 kuwa yana ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin kuɗi masu hotonsa su shiga hannun jama'a a Ingila.

Gurbi na biyar na Nijeriya ne: kuɗin 1959, sannan kwabbai na naira da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973, ciki har da kwabo 25 mai dalar gyaɗa. Duk wanda ya san yadda ake zirga-zirga zuwa Jibiya da Ɗankama da Mai'aduwa ya san waɗannan ba baƙi ba ne a gidajen Mayahi da Tasawa.

Me ya sa aikin ke cin rayuwa

Dalili na farko shi ne, a ƙasar Hausa tsohon kuɗi ba ya zama kuɗi, sana'a yake sauyawa. Liyari da tsofaffin kuɗin azurfa sun tafi maƙera, sun dawo zobba da mundaye da 'yan kunne. Wasu an huda su an yi adon kitso. Wuri ya koma hannun masu duba da 'yan bori da masu ƙawata ƙwarya da laya. Abin da ya rage na tagulla 'yan gwangwan na saye a kan sikeli.

Na biyu, hanyar samu ta mutane ce. Sai an zauna da tsofaffi, an bi 'yan koli ranar kasuwa, an jira ranar da za a buɗe adudun wata gyatuma ko garma ta tono tukunya a kufai. Da ɗan gari akan ci gari, kuma irin wannan yarda ba a gina ta cikin damina ɗaya.

Na uku, jita-jitar cewa kwabo mai huji na kawo dukiya ta ɓata ciniki. An buga irinsa miliyoyi, yawancinsa ba shi da tsada, amma mai shi kan ƙi rabuwa da shi ko ya tsuga kuɗin da ba ya kamawa.

Na huɗu, kyakkyawar niyya kan yi ɓarna. Wanke tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami yana kankare zanen da ake nema, darajarsa ta faɗi. Bushewar iskar Sahel tana taimakon ƙarfe. Gumi da danshin damina su ne abokan gaba. Naɗe kowace ƙwandala a takardarta, a ajiye cikin gwangwani mai murfi, ya wadatar.

Kammalawa

Jeri ba ya cika sai mai shi ya yanke masa iyaka. Na wuri da liyari da kuɗin Ingila rufaffe ne, ba mai ƙara masa. Na sefa a buɗe yake muddin banki na bugawa, kuma karyewar darajarta a Janairun 1994 ta nuna yadda ƙananan kuɗi ke ɓacewa ba tare da an soke su ba. Tun bayan kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na Nijar da Mali da Burkina Faso a 2023 ake maganar sabon kuɗi. Duk ranar da hakan ta tabbata, dalar da ake rainawa yau za ta shiga sahun anini.

Gidan tarihin kuɗi na BCEAO a Dakar da na Babban Bankin Nijeriya a Abuja suna iya nuna ƙwandala mai sheƙi fiye da ta kowa, amma ba su san wace ce ta biya sadaki a Issawane ba, ko wace ce ta dawo daga ci-rani a Kano. Wannan sani a hannun mai tarawa na gida yake. Don haka ya kamata kowace ƙwandala ta tafi da 'yar takardarta: inda aka same ta, shekarar da aka same ta, da abin da masu ita suka ce an yi da ita. Jerin da ke da gibi amma yana da wannan bayani ya fi amfanar masu nazarin tarihin yankin a kan cikakken jerin da aka sayo daga waje.