Baƙon Karatu a Ƙasar Gwandu: Daga Gimbana Zuwa Aliero

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta kai su ga sauraren muryar ba.

Ina aji biyu a jami'a wani yaro ɗan Dosso ta Jamhuriyar Nijar ya kama ɗaki a gidan hayar da muke zaune. Hausarsa da Zabarmanci a ciki, Turancinsa kuwa rabi Faransanci ne. Mu shida muke haɗa hannu a kwano ɗaya, shi kuma ya tura ƙofa ya jiƙa garinsa shi kaɗai. Wata uku cur, in ka ɗebe "ina kwana" babu abin da ya haɗa ni da shi. Da zazzaɓi ya kwantar da shi ma ba mu muka gano ba. Wata tsohuwa mai ƙosai a bakin layinmu ce ta tare ni da safe ta ce, "Ɗana, ina yaron nan baƙo? Kwana biyu ke nan bai zo ba." Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba." Ta kalle ni ta ce, "Gida ɗaya kuke?"

Har yau in na tuna wannan kallo sai na ji kunya. Domin mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama bai kamata a ce sai an koya mana riƙon baƙon karatu ba. Garin Jega ma kansa, in ka bi diddigi, labarin wani baƙon karatu ne ya haife shi.

Sunansa Malam Abdussalami. Ba'are ne, wato mutumin Arewa, ba Bafulatani ba. Ya bar ƙasarsu ya tafi Ɗegel neman ilimi wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna kusa da malaminsa, har shi ma ya tara nasa almajiran. Da zama ya yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen shekarar 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka faɗa wa Gimbana, suka kashe na kashewa, suka kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka hanzarta hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804.

Ku tsaya ku duba abin nan da kyau. Mutanen Ɗegel sun sayi faɗa da sarki mai doki da sulke saboda almajiran wani mutum da ba ƙabilarsu ba, ba danginsu ba. Zaure ɗaya kawai ya haɗa su.

Sai dai labarin bai ƙare da daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba don a ji daɗin shiri. Bayan an ci yaƙi an raba ƙasa, Abdussalami ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Ya zauna a Kware, ya yi ta musayar wasiƙu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a 1817 abin ya zama tawaye. Aka ci Kware, ya fita da rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Bello ya rubuta nasa ɓangaren labarin a littafinsa Sardul Kalami, kuma yawancin abin da muka sani ta bakinsa muka ji, don haka mai karatu ya riƙe wannan a ransa. Sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina, aka sake gwabzawa a can. Bayan 1820 aka sasanta da ɗansa Buhari, ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu. Gimbanawan da kuke ji a Jega ke nan, kuma har yau sarautar garin Sarkin Kabin Jega ake ce mata.

Ni abin da na gani a nan, ba baƙo wurin shimfiɗa tabarma abu ne mai sauƙi. Wuyar tana ranar rabo. Ɗalibin da ake dariya da shi a aji amma ba a kiransa in za a zaɓi shugaban ƙungiya, ko in an samo tsoffin takardun jarrabawa ana rabawa a ɓoye, ya san har yanzu baƙo ne, ko da ya shekara huɗu.

To yaya mutanen da suke yi har almajiri ya zo daga wata uwa duniya ya zauna ya zama ɗan gari? Ba sa'a ba ce, tsari ne. Jega ta zama babbar kasuwa a bakin gulbin Zamfara, ayari na sauka da goron Gwanja, da gishiri, da dawaki, da tufafi. Baƙon ɗan kasuwa ba ya kwana a titi, yana da fatoma, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi. A cikin ayarin nan malamai da almajirai suke tafiya, kuma su ma suna da irin nasu. Malamin zaure shi ne uba. Akwai abokin karatu da kuke bita tare bayan an tashi darasi. Sannan akwai uwar ɗaki, wadda ni a ganina ita ce ginshiƙin abin duka, amma ba za ka ga sunanta a littafin tarihi ba.

Kakata a ƙasar Maiyama ta riƙe wani almajiri ɗan Dendi, daga can ɓangaren Jamhuriyar Benin. Yana ɗebo mata ruwa, yana faskare, ita kuma kwanonsa ba ya komawa wayam. Da salla ta ɗinka masa riga tare da 'ya'yanta. In ya yi laifi ta yi masa faɗa kamar yadda take yi wa babana. Da ya sauke Alƙur'ani ita ta yi tuwon walima. Babana har ya girma "Yaya" yake ce masa. Na san wani zai ce ai almajirancin yau ba haka yake ba, yara ƙanana ne a tasha da roba, ba mai tambayar inda suka kwana. Gaskiya ne, kuma wannan shiri ne na daban da za mu yi. Abin da ya lalace shi ne daidai wannan riƙon da nake magana a kai.

Manyan baƙi ma ta wannan hanya suka shiga. Alhaji Umaru Futi, mutumin Futa Toro a Senegal ta yau, da ya dawo daga Makka ya zauna a Sakkwato shekaru, ya auri 'yar Muhammadu Bello, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. A Gwandu ya ƙulla zumunci da Modibbo Raji, wanda ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Mutum daga bakin kogin Senegal, ga shi surukin Sarkin Musulmi.

Namu ma da suka fita, wasu suka riƙe su. Alhaji Umaru Salaga, wanda asalin gidansu Kabawa ne, an haife shi a Kano wajen 1858, ya yi yawon karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu, ya bi hanyar goro har Salaga. A Kete Krachi ta ƙasar Gana ya zama limami, can ya rasu a 1934, kuma mutanen zango-zangon Gana har yau nasu suke ɗaukarsa. Kafin shi da nisa akwai Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen nan masanin lissafi, da ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira. A gidan abokinsa Hasan al-Jabarti ya rasu a 1741, kuma shi ya bar wa wasiyyar littattafansa. Shi Hasan ɗin ma kakanninsa baƙi ne a Masar, daga gabashin Afirka suka zo. Baƙo ya riƙi baƙo. A Azhar kuwa kowace jama'a da masaukinta da ake kira riwaƙ, har da na mutanen Barno, inda sabon zuwa zai tarar da mai jin yarensa da abin da zai ci kafin ya san gari. Tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina musu makaranta da masauki a Alƙahira. Wato sun fahimci cewa tura yaro karatu bai wadatar ba, sai an tanadar masa inda zai ji shi mutum ne.

Yau fa? A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, matasa na zuwa daga nesa. Kuma Aliero gari ne da ya saba da baƙi. Masu karaya na zuwa wurin masu ɗori su yi makonni a gidajen mutane, 'yan kasuwar albasa na zuwa daga ƙasashen maƙwabta. Iyayenmu da ba su yi boko ba sun iya wannan aiki. Mu da muka yi digiri, mun kasa kanmu gida-gida, 'yan ƙaramar hukuma kaza a nan, 'yan jiha kaza a can, kowa da zaurensa na WhatsApp. Wanda ya zo shi kaɗai daga bayan iyaka, a wane zaure zai shiga?

Mun ga ranar wannan abu a watan Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu suka maƙale a Khartum kafin a kwaso su ta iyakar Masar da ta Port Sudan. A irin wannan rana ba takardar shaidar makaranta ke ba ka ruwan sha ba, maƙwabcin da ya san sunanka ne. Muna roƙon mutanen wata ƙasa su riƙe mana ƙannenmu, alhali na wasu suna gidan hayarmu suna jiƙa gari a bayan ƙofa.

Shi yaron Dosso, Inna ce ta sa muka kai shi asibiti, ta riƙa aiko masa da kunu har ya miƙe. Daga nan kwanonmu ya zama na mutum bakwai. Ni nake gyara masa Turanci, shi yake ja na a lissafi, don a nan ya fi mu nesa ba kusa ba. Da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, motar da ta ɗauko kayan ƙanena ta maƙale a Gaya. Waya ɗaya na yi. Ya sa ɗan'uwansa ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa har aka sayar da kayan a can kafin su lalace.

Duk sanda muka yi waya, kafin ya tambayi iyalina sai ya ce, "Yaya Inna?" Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama. Ya aiko da kuɗin sadakar uku, ya ce a sa sunansa a cikin 'ya'yanta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.