Giant Bomb: Shafin Da Korar Mutum Ɗaya Ta Haifa



Duk wanda ya taɓa tara kuɗi don sayen faifan gem na PlayStation ko Xbox ya san fargabar da ke ciki. Shekara da shekaru ana sayar da sabon babban wasa a kan dala 60 a Amurka, yanzu da yawansu sun kai dala 70, idan kuwa aka juya wannan zuwa naira, ba ƙaramin kuɗi ba ne a aljihun matashi. Shi ya sa kafin mu saya sai mun nemi wanda ya riga mu bugawa ya faɗa mana ko wasan ya ci kuɗinsa. To idan mai ba mu shawarar yana cin abinci ne daga hannun mai sayar da wasan fa? A kan wannan tambaya aka kafa shafin Giant Bomb, kuma tarihinsa muka kawo muku yau.

Labarin ya faro ne daga wani shafin daban, wato GameSpot, wanda aka buɗe a birnin San Francisco na Amurka a 1996. Aikinsa kawo labaran wasannin bidiyo da yin sharhi a kansu, tare da ba kowane wasa maki bisa goma. Jeff Gerstmann ya shiga aiki a can tun shekarar farko, ya yi ta hawa har ya zama shugaban sashen editoci. Masu karatu ba sa biyan komai kan mafi yawan abin da ake wallafawa, kuɗin shiga daga talla yake fitowa, manyan masu ba da tallar kuwa su ne kamfanonin da ake auna wasanninsu.

A watan Nuwamba na 2007 kamfanin Eidos na Ingila ya fitar da wasan Kane & Lynch: Dead Men, ya kuma sayi talla mai yawa a GameSpot, har fuskar shafin ta cika da hotunan wasan. Gerstmann ya buga wasan, ya ba shi maki 6 bisa 10, ya bayyana aibobinsa ƙarara. Ranar 28 ga wannan wata aka sallame shi daga aiki, bayan shekara 11. Kamfanin CNET, mai GameSpot a lokacin, ya musanta cewa masu talla ne suka sa aka kore shi, shi kuma ya yi gum saboda yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Masu karatu dai ba su yarda ba. Suka yi ta ruwan ƙorafi, wasu suka soke rajistarsu, cikin 'yan watanni kuma abokan aikinsa suka fara ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya: Alex Navarro, Ryan Davis, Brad Shoemaker da Vinny Caravella.

Gerstmann da Davis suka fara da shirin hira na sauti, su biyu kawai. A watan Maris na 2008 suka buɗe Giant Bomb a matsayin ɗan ƙaramin shafi, cikakken shafin kuma ya fito a watan Yuli, lokacin Shoemaker da Caravella sun iso. Jarin ya fito ne daga Whiskey Media, kamfanin Shelby Bonnie, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CNET ɗin. Ofishinsu na farko yana garin Sausalito, tsallaken ruwa daga San Francisco.

Sun yi watsi da maki bisa goma, suka koma taurari biyar. Amma babban abin da suka kawo shi ne bidiyon da suka sa wa suna Quick Look: mutum biyu su zauna su buga sabon wasa na rabin awa ko fiye, ba yanka ba gyara, suna hira suna dariya. Idan wasan ya maƙale, mai kallo ya gani, idan yana da daɗi ma ya gani da idonsa. Mai talla ba shi da inda zai ɓoye aibi a nan. A 2009 Gerstmann da Caravella suka buga wasan Persona 4 na ƙasar Japan tun daga farko har ƙarshe, kashi 155, mutane suna bi kullum kamar wasan kwaikwayon rediyo. Yau irin wannan ya cika YouTube da Twitch, amma a wancan lokaci Twitch ma ba a buɗe shi ba, sai a 2011. Shirinsu na mako-mako, Giant Bombcast, yakan kai awa biyu zuwa uku, suna taɓa wasanni, suna taɓa abinci da tafiye-tafiye da shirmen duniya.

Masu bibiyar shafin ma ba 'yan kallo kawai ba ne. Tun ranar farko an buɗe musu rumbun bayanai inda kowa zai iya rubuta abin da ya sani game da wasanni, jaruman cikinsu da kamfanonin da suka ƙera su, kuma su suka cika shi kyauta. Suna shirya gasa a tsakaninsu, suna haɗuwa ido da ido a taron PAX, suna tara kuɗi domin asibitocin yara ta shirin Extra Life. A 2010 aka kawo tsarin biyan kuɗi, kusan dala 50 a shekara, don ganin ƙarin shirye-shirye. An yi ce-ce-ku-ce, amma dubbai suka biya. Ma'anar wannan ita ce wani kaso na albashin ma'aikata ya koma fitowa daga aljihun mai kallo. A 2011 mujallar Time ta sa Giant Bomb cikin shafuka 50 mafi kyau na shekarar.

Sai abin mamaki ya faru. A watan Maris na 2012 kamfanin CBS Interactive, wanda ya riga ya haɗiye CNET da GameSpot, ya sayi Giant Bomb. Wanda aka kora ya dawo gini ɗaya da shafin da ya kore shi. Cikin cinikin aka warware yarjejeniyar da ta ɗaure masa baki, ya zauna gaban kyamara ya ba da labari. A cewarsa, sababbin shugabanni ne da ba su saba da aikin jarida ba suka tsorata da barazanar janye talla, kuma kafin Kane & Lynch an riga an yi irin wannan rigima kan makin da aka ba wani wasan kamfanin Sony. Sai bayan shekara huɗu da 'yan watanni masu karatu suka ji daga bakinsa abin da suka daɗe suna zargi. Hausawa sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Jarrabawa mafi zafi ta zo ranar 3 ga Yuli, 2013, lokacin da Ryan Davis, mai jagorantar Bombcast, ya rasu yana da shekara 34, kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aurensa. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka yi makoki kamar ɗan gidansu ne ya tafi, domin muryarsa ta raka su a mota da wurin aiki mako bayan mako har shekara biyar. A nan aka gane cewa abin da ya haɗa jama'ar nan ya wuce labarin sabon wasa.

Daga nan shafin ya yi ta sauya hannu. A 2020 Red Ventures ya sayi rukunin CNET a kan dala miliyan 500, Giant Bomb na ciki. A watan Mayun 2021 Caravella, Shoemaker da Navarro suka tafi suka kafa nasu mai suna Nextlander, wanda masu kallo ke ɗaukar nauyinsa kai tsaye. A watan Yunin 2022 shi kansa Gerstmann ya bar gidan da ya gina. Watan Oktoba na wannan shekara Fandom ya saya, ba a jima ba aka rage ma'aikata. Da yawa sun ɗauka ƙarshen ke nan, amma su Jeff Bakalar, Jeff Grubb, Dan Ryckert da Jan Ochoa suka ci gaba da riƙe shirye-shiryen.

A bazarar 2025 tsohuwar rigimar ta dawo da sabuwar riga. Fandom ya kawo ƙa'idojin yadda za a riƙa magana don kada a ɓata wa masu talla rai, ma'aikata suka yi wa ƙa'idojin ba'a a cikin shirinsu, aka sauke shirin, aka dakatar da aiki. Masu biyan kuɗi suka fara janyewa. Ranar 10 ga Mayu, a taron PAX East na birnin Boston, aka sanar cewa Fandom ya sayar da shafin ga Bakalar da Grubb. Karon farko cikin shekara 17, masu yin aikin su ne masu gidan, kuma abin da suka dogara da shi shi ne kuɗin rajistar masu kallo.

Idan muka duba tarihin nan, sau huɗu sunan Giant Bomb yana sauya hannu, kuma duk kamfanin da ya saya ya tarar ba ya iya sayen amanar jama'ar tare da sunan. Duk inda mutanen da suka yarda da su suka nufa, can suke binsu da kunnensu da kuɗinsu. Wannan ba ya nufin hanyar ta zama mai sauƙi, domin shafin da masu kallo ke ciyarwa yana iya rufewa ranar da suka gaji. Mu dai da muke leƙa intanet kafin mu sayi gem, ko waya, ko wani abin amfani, yana da kyau mu riƙa tambayar kanmu wa ke biyan wanda ke ba mu shawara, kuma ko ya taɓa cewa wani abu ba shi da kyau alhali mai abin yana ba shi talla.