Tarihin Gano Bakteriya a Huhun Masu Ciwon Huhu na Bairos, 1884 zuwa 2020

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya, watau: idan aka kwantar da mai ciwon huhu wanda bairos ya haddasa, ta yaya za a san ko bakteriya ma ta shiga? Amsar ita ke nuna ko a ba shi maganin kashe bakteriya ko a hana shi. Za mu nuna cewa kowane zamani ya amsa tambayar ne gwargwadon kayan aikin da ke hannunsa.

Zamanin Madubi

A 1884 Hans Christian Gram ya fito da hanyar rina bakteriya don a rarrabe ta a ƙarƙashin madubin likita. A 1892 kuwa Richard Pfeiffer na Jamus ya sami wata bakteriya a kakin masu mura mai tsanani, ya ɗauka ita ce tushen cutar. Da wannan fahimta aka shiga annobar 1918, wadda ta iso ƙasar Hausa har aka sa mata suna Marisuwa. To, amma masu bincike sun yi ta samun bakteriya iri-iri a huhun mamata, wani lokaci ma babu ta Pfeiffer sam. Madubin wancan zamani ba ya iya nuna bairos, saboda haka abin da ido ya gani shi aka ɗora wa laifi.

Rarrabe Cuta Biyu

A 1931 Richard Shope na Amurka ya nuna cewa bairos shi kaɗai ɗan ciwo yake sa wa aladu, amma in ya haɗu da bakteriya sai ciwon ya tsananta. A 1933 Smith da Andrewes da Laidlaw suka ware bairos ɗin murar ɗan Adam a Landan. Daga nan aka gane cewa bairos ne ke fara ɓarna, yana saɓule fatar hanyoyin numfashi, sa'an nan bakteriya ta sami ƙofa. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Annobar 1957 ita ce ta farko da aka iya neman bairos da bakteriya tare a jikin majiyyaci ɗaya. Likitoci suka lura da wata alama: mutum ya fara samun sauƙi, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya dawo da kaki mai ruwan mugunya. A 2008 Morens da Taubenberger da Fauci suka sake duba naman huhun mutum 58 da suka mutu a annobar 1918, da rahotannin binciken gawa fiye da 8,000, suka kammala da cewa bakteriya ce ta ƙarasa mafi yawansu.

Matsalar Mai Rai

Abin lura a nan shi ne, mafi ƙarfin hujjojin nan daga gawa aka samo su. A wajen mai rai kuwa al'amarin ya fi wuya. Kaki yakan gauraya da bakteriyar baki, shukar jini ba ta cika nuna kome ba, balle in an riga an sha magani, hoton ƙirji kuma ba ya faɗin wace ƙwaya ce ta yi ɓarnar. A 1993 masu bincike a Faransa suka ba da rahoton cewa sinadarin furokalsitonin yana hauhawa a jini idan bakteriya ta yi tsanani. Bugu da ƙari, gwajin PCR ya sa ana gano ƙwayoyi cikin sa'o'i. Sai dai furokalsitonin yakan hau a ciwon bairos mai tsanani, PCR kuma ba ya bambance bakteriya mai ɓarna da wadda ke zaune lafiya a maƙogwaro.

Darasin 2020

Da cutar korona ta ɓarke, tsoron abin da ya faru a 1918 ya rinjayi asibitoci. Wani nazari da Langford da abokan aikinsa suka tattara a 2020 ya nuna cewa kimanin kashi 3.5 cikin ɗari ne kawai na majiyyata suka zo asibiti da bakteriya, alhali fiye da kashi 70 cikin ɗari an ba su maganinta. Irin wannan yawan ba da magani shi ke koya wa bakteriya bijire masa.

Kammalawa

Kamar yadda muka gani, a 1918 akwai bakteriya babu magani, a 2020 kuwa an zuba magani inda galibi babu bakteriya. Saboda haka muna ganin darasin wata annoba ba ya zama hukunci a kan wata. Abin da ya wajaba shi ne a ɗebi kaki da jini kafin a fara magani, a haɗa sakamako da yanayin majiyyaci, a sake dubawa bayan kwana biyu ko uku, in babu hujja a tsayar da maganin.