Auna Zafin Iskar Kusa da Ƙasa: Daga Jirgin Zare Zuwa Jirgi Maras Matuƙi

Masana yanayi sun daɗe da fahimtar cewa ɓangaren sararin samaniya da ya fi saurin sauyawa shi ne wanda yake manne da doron ƙasa, wato shimfiɗar iskar da kaurinta yakan kai kilomita ɗaya ko biyu da rana, sannan ta motse ta koma 'yan ɗaruruwan mitoci da dare. A ƙa'ida iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita da aka hau, amma idan dare ya yi kuma gari ya washe, ƙasa takan riga iska hucewa, sai iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, al'amarin ya juye. Shi ya sa da sanyin safiyar hunturu ake ganin hayaƙin murhu ya kwanta bisa rufin gidaje maimakon ya tashi. Ma'aunin zafin da aka girke a tsayin mita biyu ba zai iya nuna wannan juyi ba, don haka tilas a nemi abin da zai ɗauki ma'aunin ya hau da shi.

A shekarar 1749 Alexander Wilson da Thomas Melvill suka jera jiragen takarda a zare ɗaya kusa da birnin Glasgow, irin waɗanda yara ke saki iska ta ɗaga su, suka ɗaura musu ma'aunan zafi da aka naɗe da takarda, kowanne da lagwani mai ci a hankali, ta yadda in wutar ta cinye igiyar sai ma'aunin ya faɗo a hanzarta a karanta shi. Daga baya mutane suka riƙa hawa da kansu a cikin kwandon balan-balan, kuma hawan da James Glaisher ya yi daga Wolverhampton a 1862, inda ya suma saboda ƙarancin iska har abokin tafiyarsa Henry Coxwell ya ja igiyar sauka da haƙoransa, ya nuna cewa wannan hanya ba ta aikin kullum ba ce.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi ta hawa wuyar ganewa. Ma'aunin da rana ta haska yakan ɗauki zafi ya wuce na iskar da ke kewaye da shi, sai ya bayar da adadin da ba na iskar ba. Bajamushe Richard Assmann ne ya magance wannan wajajen 1890, lokacin da ya sanya ma'aunin cikin bututun ƙarfe mai sheƙi wanda ke mayar da hasken rana, ya haɗa masa ƙaramar fanka mai aiki da inji irin na agogo wadda ke janyo iska ta ratsa ta kansa ba fasawa. Har yau ana amfani da wannan dabara.

Zamanin jirgin zare na sosai ya fara a 1894 a cibiyar Blue Hill da ke kusa da Boston, inda aka ɗaga na'urar da ke zana zafin iska da kanta a jikin takarda. Ba a jima ba aka maye gurbin zare da siririyar wayar ƙarfe da inji ke naɗewa, kuma a 1919 cibiyar Lindenberg ta Jamus ta kai jerin irin waɗannan jirage tsayin mita 9,740. Sai dai in iska ta ɗauke ba sa tashi, in ta yi ƙarfi waya ta tsinke, ga kuma jiragen sama da wayoyin lantarki suna ta yawaita, har Amurka ta daina amfani da su a 1933.

Abin da ya gaje su shi ne rediyosond, wato ƙaramin akwatin aune-aune da balan-balan ke hawa da shi yana aiko da sakamako ta rediyo, wanda Robert Bureau ya gwada a Faransa a 1929, Pavel Molchanov kuma a Rasha a 1930. Har yau ɗaruruwan tashoshi suna sakin sa sau biyu a rana, kuma hasashen yanayi ya dogara a kansa ƙwarai. Amma tun da yana hawan kimanin mita biyar a daƙiƙa, cikin minti uku da ɗoriya ya riga ya ratsa kilomita ta farko, ba kuma za a sake leƙa wurin ba sai bayan awa goma sha biyu, ga shi galibin akwatunan ba a sake ganinsu. Ta haka wannan shimfiɗar iska ta kusa da ƙasa ta zama wadda ba a cika aunawa yadda ya kamata ba, musamman a Afirka inda tashoshin suke nesa da juna.

Wannan giɓi jirgi maras matuƙi ya zo cikewa. Tun a 1970 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka ɗora ma'aunai a ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rediyo, kuma a 1998 jirgin Aerosonde ya ƙetare Tekun Atlantika daga Newfoundland zuwa Sikotland, amma aikin bai bazu ba sai da batura da na'urorin gane wuri suka yi araha. Jami'ar Bergen ta ƙera SUMO, jirgin kumfa da bai kai kilo ɗaya ba, wanda aka yi aiki da shi a Lannemezan ta Faransa a 2011 don nazarin yadda iska ke lafawa da la'asar, sannan a 2016 shirin bincike na DACCIWA ya tashi irin waɗannan jirage a garin Savè na Jamhuriyar Benin lokacin damina, domin gano yadda gajimaren da ke kwanciya ƙasa-ƙasa yake haɗuwa da dare.

Jirgi mai farfela huɗu ko shida ya fi dacewa da aikin, domin yana hawa tsaye a wuri guda, ya sauko, a sauya masa batir, ya sake hawa cikin 'yan mintuna, ko da iska ko babu. Da zuwansa kuma tsohuwar matsalar Assmann ta dawo da sabuwar kama: injinan jirgin da batirinsa suna fitar da zafi, farfelu suna gauraya iskar da ake son aunawa, rana kuma tana nan tana dukan ma'aunin. Masu ƙira sun rabu biyu, wasu suna maƙala ma'aunin ƙarƙashin farfela kusa da bakinta don iskarta ta riƙa wanke shi, wasu kuma, kamar masu CopterSonde na Jami'ar Oklahoma, suna ɓoye shi cikin bututu mai fanka, jirgin ya riƙa juya hancinsa wajen da iska ke fitowa. Domin a kwatanta waɗannan dabaru ne ƙungiyoyi da dama suka taru a kwarin San Luis na jihar Colorado a watan Yulin 2018 suka tashi jiragensu kusa da juna. Babban cikas a yanzu na doka ne, domin a Amurka da Turai ba a barin irin wannan jirgi ya wuce kimanin mita 120 sai da izini na musamman, kuma wannan na cikin abubuwan da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta duba a gwajin da ta shirya a ƙasashe da dama daga Maris zuwa Satumban 2024.